Ƙullutun Ruwa a Gefen Gwiwar Matashi: A Datse Gammon Ko a Ɗinke Shi?

Ɗan ƙanwata yana da shekara 19 lokacin da ya shigo gidana wata ranar Asabar bayan la'asar, ya zauna bakin tabarma, ya naɗe ƙafar wandonsa ta dama ya ce, "Kawu, taɓa nan ka ji." A gefen gwiwar ta waje, daidai layin da ƙashin cinya ke sauka kan ƙashin ƙwauri, akwai ƙullutu kamar rabin goro, mai tauri har ka ɗauka ƙashi ne ya tsiro. Na ce ya lanƙwashe ƙafar sosai, sai abin ya nutse ya ɓace. Ya miƙe ta, ya sake fitowa. Ya ce wata bakwai ke nan yana fama, in ya buga ƙwallo da yamma, da dare gefen gwiwar ya dinga zugi kamar ciwon haƙori. Uwarsa kuwa ta riga ta yanke shawara: wanzamin unguwa zai zo ranar Litinin ya yi masa sakiya, ruwan ya fita, a huta.

Da wannan sakiyar zan fara, domin ita ce hanyar da ta fi kusa da hannun mutanenmu, kuma ita kaɗai ce a cikin duk abin da zan ambata ba ni da wata kalma mai daɗi a kanta. Wannan ƙullutu ba maruru ba ne. Jaka ce da ke da ƙofa zuwa cikin gaɓar gwiwa. Duk ƙarfen da ya huda ta daga waje ya buɗe wa ƙwayoyin cuta hanya har tsakiyar gaɓar, in kuwa mugunya ta taru a cikin gwiwa tana iya cinye guringuntsin cikin 'yan kwanaki. Yaron da ya zo da ƙullutun da ake iya gyarawa sai ya koma da ƙafar da ba ta lanƙwasuwa har abada. Ƙaho da tsaga a kan wurin ma duk hukuncinsu ɗaya. Maɗori yana da aikinsa, wanzami yana da nasa, wannan dai ya fi ƙarfin zabira.

Daga ina ruwan yake fitowa

A cikin kowace gwiwa akwai wasu guringuntsi guda biyu masu siffar jinjirin wata, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje, likitoci na kiransu meniskus. Ni gammo nake kiransu, don aikinsu ke nan: yadda mai tallar ruwa ke ɗora gammo tsakanin kai da tulu, haka suke zaune tsakanin ƙashin cinya da ƙashin ƙwauri, suna baza nauyi kada ya taru wuri guda. Gammon ciki yana ɗaukar kusan rabin nauyin da ke bi ta ɓangarensa, na waje kuwa kusan kashi 70 cikin 100 na ɓangarensa.

Galibin ƙullutun ruwa na biyo bayan wata irin yagewa ce, wadda ke raba gammon gida biyu, sama da ƙasa, kamar yadda mai shayi ke tsaga biredi ta tsakiya zai shafa bota. Ruwan da ke cikin gaɓa, mai yauƙi kamar farin ƙwai, yana shiga wannan tsaga duk sa'ad da aka taka ƙafa. Yana shiga cikin sauƙi, komawa ce take masa wuya, don bakin tsagar yana rufewa a bayansa. A hankali sai ya taru a bayan gammon, ya yi kauri, ya yi wa kansa jaka. Abin da hannu ke taɓawa ke nan a waje. Wani likita mai suna Pisani ne ya bayyana ɓacewar ƙullutun idan an lanƙwashe gwiwa, a 1947, har yau da sunansa ake kiran alamar.

Wanda ya gane wannan ya gane rabin zancen. Tulun da ke yoyo ne ya jiƙa ƙasa, kuma duk hanyoyin maganin da ke gabanka za ka iya auna su da tambaya biyu: me hanyar ta yi da tsagar, kuma gammo nawa ta bar wa yaron?

Kafin a yi maganar wuƙa dole a ga cikin gwiwar. Hoton ƙashi na eksire ba ya nuna gammo, amfaninsa shi ne kore wasu cututtukan ƙashi. Sikanin, irin wanda ake yi wa masu juna biyu, yana nuna jakar ruwan da kyau kuma yana da araha, sai dai ba ya bayyana tsagar yadda ya kamata. Hoton MRI ne ke nuna duka biyun: girman jakar, ko ɗaki ɗaya ce ko ɗakuna da yawa, da inda tsagar ta fara da inda ta tsaya. A yara ƙanana a yi hattara da karatun hoton, domin gammonsu yana da jijiyoyin jini da yawa, kuma waɗannan kan fito a hoto kamar tsaga alhali lafiya lau yake. Haka nan ba kowane kumburi a gwiwa ne wannan ba. Wanda ke can bayan gwiwa, cikin lungun da ke lanƙwashewa, wata jaka ce daban. Kumburin da ke ƙara girma ba ya ja da baya, ko mai ciwo cikin dare ko da ba a yi komai ba, ko mai tafe da zazzaɓi da rama, wannan sai an kore tarin fuka na gaɓa da ciwon daji kafin a ce komai.

Hanyoyin da ba sa ɗaukar dogon bayani

Akwai haƙuri da lura. In ƙullutun ƙarami ne, ba ya ciwo, an gan shi ne kawai a hoton da aka ɗauka don wani dalili, babu wanda ya ce lallai a taɓa shi. A rage wasan da ke murɗa gwiwa, a ƙarfafa naman cinya wajen masu gashin ƙashi, a sake dubawa bayan wasu watanni.

Akwai zuƙe ruwan da sirinji a asibiti, ana kallo da sikanin, wani lokaci a zuba maganin rage kumburi a gurbinsa. Wannan yana kawo sauƙi, ga wasu na makonni, ga wasu na watanni da dama. Tsagar dai tana nan, saboda haka jakar kan sake cika. Ga dattijon da ba ya son tiyata, ko ɗalibin da ke son ya tsallake jarrabawa tukuna, dabara ce mai kyau ta sayen lokaci. Ga matashin da ke da shekara hamsin na tafiya a gabansa, ban ɗauke ta magani ba.

Sai tsohuwar hanya, cire gammon gaba ɗaya. Shekaru da yawa haka ake yi a Turai, an ɗauka naman banza ne. A 1948 wani likita a Ingila, Fairbank, ya nuna da hotuna yadda gwiwar da aka raba da gammonta ke canzawa: tazarar da ke tsakanin ƙasusuwan ta tsuke, kan ƙashin cinya ya baje, ƙashi ya tsiro a gefe. Daga baya aka auna a ɗakin bincike aka ga cewa in babu gammo, matsin da ke sauka wuri guda yana ninkawa fiye da sau biyu. Abin da ya fi taɓa ni shi ne binciken da aka buga a 2012 daga Sikotland, inda aka nemo mutanen da aka cire wa gammo duka tun suna samari, bayan kusan shekara 40. Cikin 53 da aka duba, 7 har an riga an sa musu gwiwar ƙarfe, alhali ba su wani tsufa ba. A Turai ke nan, inda gwiwar ƙarfe abu ne da gwamnati ke biya. A wajenmu kuwa kowa ya san abin da ake sayarwa kafin a kai ga wannan aikin. In likita ya ce zai kwashe gammon yaronka duka saboda ƙullutu, ka nemi jin ta bakin wani likitan.

Datsewa ta kyamara

Yanzu mun zo inda ainihin zaɓin yake. Dukkan hanyoyin biyu, datsewa da ɗinki, ana yinsu ne da tiyatar kyamara, atroskofi, wato a huda ƙananan ƙofofi biyu a gaban gwiwa, a zura kyamara mai kaurin fensir ta ɗaya, kayan aiki ta ɗayan. Likitan Japan Masaki Watanabe ne ya fara datse gammo ta wannan hanya a 1962.

A datsewa, likita yana yanke ɓangaren da ya yage ya zama yana reto, yawanci ɓarin ƙasa na biredin nan, ya bar na sama da kuma bakin gammon da ke manne da bangon gaɓar. Sannan ya faɗaɗa ƙofar da ke zuwa jakar, mataimakinsa ya danna ƙullutun daga waje da babban yatsa, sai ka ga ruwan mai kauri, ruwan ɗorawa-ɗorawa, yana bulbulowa cikin gaɓa a allon talabijin. A wanke, a kankare bangon jakar daga ciki. Tun da ƙofar ta zama buɗaɗɗiya ta kowane ɓangare, ruwa ba ya sake maƙalewa.

Alherin wannan hanya a bayyane yake. Aikin gajere ne, kayansa ba su da tsada kamar na ɗinki, likitocin da suka iya shi sun fi yawa. Mara lafiya yana taka ƙafa a ranar ko washegari, sanduna na 'yan kwanaki ne, da yawa suna komawa wasa cikin mako shida zuwa takwas. Sakamakonsa na kusa ma yana da kyau. Hulet da abokan aikinsa a Faransa sun bi ƙullutu 105 na gammon waje da aka yi wa aiki ta kyamara, tsawon shekara biyar a matsakaici, suka buga a 2004 cewa kashi 87 cikin 100 sun samu sakamako mai kyau ko mai kyau ƙwarai.

To ina matsalar? Shekara biyar ba komai ba ce a rayuwar ɗan shekara 19. Gammon da aka yanke ba ya sake tsirowa. Kuma domin a kai ga jakar da ke can bayan gammon, sau da yawa sai an ci nama mai yawa a hanya, har da lafiyayye. In yankan ya ratsa har bakin bango ya katse zoben, wato bakin gammon da ke riƙe shi a kewaye, gammon ya tashi aiki ko da saura na nan a kwance, kamar gammon tsumma da aka yanke gefe guda, ɗora tulu kawai zai warware. Ɓangaren waje na gwiwa kuma, inda aka fi taɓa waɗannan ƙullutai da hannu, shi ne ya fi rashin haƙuri da asarar gammo, saboda a can kan ƙashin cinya da kan ƙashin ƙwauri duk biyun a tudu suke, gammon ne ke daidaita zamansu. An sha ganin 'yan wasa matasa da guringuntsin ɓangaren waje ya zaizaye cikin 'yan watanni bayan an datse musu gammon waje. Ba kowa hakan ke samu ba, amma wanda ya same shi ƙwallo ta ƙare masa.

Ɗinki

Ɗinke gammo ba sabon abu ba ne. Thomas Annandale ya yi shi a Edinbara tun 1883, da buɗe gwiwa, sai duniya ta yi watsi da shi kusan ƙarni guda. Hiroshi Ikeuchi, almajirin Watanabe, ya yi na farko ta kyamara a 1969. Dalilin da ya sa likitoci suka daɗe suna ɗari-ɗari shi ne jini. Arnoczky da Warren sun nuna a 1982 cewa a babban mutum jini yana isa ne kawai ga bakin gammon na waje, kashi 10 zuwa 30 cikin 100 na faɗinsa. Sauran fari ne fat, ruwan gaɓa ne ke ciyar da shi, abin da babu jini kuwa ba ya haɗewa da sauƙi. Tsagar da ke raba gammo sama da ƙasa takan ratsa farin wurin, shi ya sa aka daɗe ana koyar da cewa ɗinke ta ɓata zare ne.

Wannan koyarwa ta yi rauni. Kurzweil da abokansa sun tattara rahotannin ɗinkin irin wannan tsaga a 2014, guda 98, suka samu kusan kashi 78 cikin 100 sun yi nasara, daidai da abin da ake samu a sauran nau'o'in tsaga. Akwai kuma wata hujja da ta shafi mai ƙullutu kai tsaye: tun da ruwa ya iya fita har bayan gammon, tsagar ta kai bakin bango ke nan, wato ta taɓa inda jini yake. Matashi kuma ya fi babba wannan arziki. Jariri gammonsa duka jini ke ratsa shi, sai wajen shekara goma yake komawa irin na manya, kuma ko bayan nan naman saurayi ya fi na ɗan hamsin ƙwari da saurin warkewa.

Yadda ake yi: a fara kwashe jakar, a kankare fuskokin tsagar biyu har su yi ɗanye, sannan a ɗaure ɓarin sama da na ƙasa da zare mai ƙarfi, ɗinki bayan ɗinki, a matse su kamar yadda dukawa ke haɗa fata biyu. Wasu likitoci kan ɗebi jinin mara lafiyar, su juya shi har ya daskare, su cusa gudan a cikin tsagar kafin su ja zaren. Wasu kan huda ƙananan ramuka a ƙashin tsakiyar gwiwa don ɓargo ya zubo ya taimaka. Ɗinkin kansa iri uku ne: wanda ake gamawa duka a ciki da wasu 'yan na'urori, wanda ake zura allura daga ciki ta fito waje a ɗaure, da wanda ake shigo da ita daga waje. Na farkon ya fi sauri amma ya fi tsada, don na'urorin daga waje ake shigo da su, kowace ɗaya sau ɗaya ake amfani da ita, farashinta kuma yana bin dala. Sauran biyun allura da zare ne kawai, sai dai suna buƙatar ƙarin ɗan yanka da hannun da ya saba.

Kada in yi wa ɗinki kwalliyar da ba tasa ba. Yana iya warwarewa. Nepple da abokansa sun duba sakamakon ɗinkin gammo bayan fiye da shekara biyar, a 2012, suka samu kusan kashi 23 cikin 100 sun lalace, wato kusan mutum ɗaya cikin huɗu zai iya komawa ɗakin tiyata, inda galibi za a yi masa datsewar da aka guje wa tun farko. Komawa tiyata ta biyu ta fi yawa bayan ɗinki fiye da bayan datsewa, wannan ba a jayayya a kai. Sannan akwai haɗarin jijiyoyi. Ta gefen waje, kusa da kan siririn ƙashin ƙwauri, akwai jijiyar da ke ɗaga tafin ƙafa, in allura ta kama ta ƙafar sai ta riƙa ja a ƙasa. Ta gefen ciki akwai wadda in an taɓa ta fatar ƙwauri kan mutu ko ta dinga zafi kamar barkono. A bayan gwiwa kuma ga babbar jijiyar jini. A hannun ƙwararre waɗannan ba kasafai suke faruwa ba, amma hujja ce ta tambayar likita sau nawa ya taɓa yin irin wannan ɗinkin.

Duk da haka ga yadda nake auna su. Wanda ɗinkinsa ya warware ya yi asarar watanni da kuɗi, ya koma inda mai datsewa ya fara, wani lokaci ma da gammo fiye da nasa don wani sashe ya riga ya haɗe. Wanda aka datse wa kuwa ba shi da hanyar dawowa. Ɗaya caca ce da watanni shida, ɗayar caca ce da gwiwar da zai hau bene da ita yana ɗan arba'in da biyar.

Abin da takardun Turawa ba su lissafa ba

Jinyar ɗinki ita ce ainihin farashinsa, kuma a gidajenmu ta fi nauyi fiye da yadda aka rubuta ta. Ƙa'idar da aka saba: maɗaurin gwiwa da sanduna na mako huɗu zuwa shida, kada a lanƙwashe gwiwa ta wuce kusurwar zaman kujera a wannan lokaci, babu tsuguno mai zurfi har wata uku zuwa huɗu, babu wasan murɗa gwiwa sai bayan wata huɗu zuwa shida. Baturen da ya tsara wannan yana zaune a kujera, yana cin abinci a tebur, masansa na zama ne. Namu yaron fa? Ban ɗakinsa na tsuguno ne. Alwala a tsugune yake yi. Tuwo a tabarma yake ci, ya tanƙwashe ƙafa. Sau biyar a rana yana sujada yana zaman tahiya, inda gwiwa ke naɗewa har dunduniya ta taɓa mazaunai, kuma a wannan naɗewar ce ƙashin cinya ke murƙushe gammon, ɗinkin ya sha matsi.

Saboda haka kafin a sa hannu a takardar ɗinki, a zauna a gida a yi lissafi. Kujerar roba da aka huda tsakiyarta a ɗora kan masai tana warware matsala ɗaya. Salla a kan kujera tana warware ta biyu, kuma addini bai ƙuntata ba: hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Bukhari ya ce a yi salla a tsaye, in ba a iya ba a zaune, in ba a iya ba a kishingiɗe. Abin da ya fi wuya shi ne kunya. Saurayi ɗan 19 ba ya son a gan shi a sahun tsofaffi masu kujera a masallacin unguwa, abokai na wucewa suna ƙunshe dariya. Sai an sami babba a gidan da zai tsaya masa. Sai kuma sana'a: ɗan acaɓa, ɗan dako, mai faci, manomi a tsakiyar damina, wata huɗu ba aiki ba ƙaramin abu ba ne. In an tabbata yaro ba zai iya kiyaye ƙa'idar ba, ɗinkin da za a tsinka a mako na uku bai fi datsewa kaɗan mai tsafta ba. Amma sau da yawa mafita ita ce zaɓen lokaci, tun da wannan ba aikin gaggawa ba ne: a bari sai an yi girbi, ko sai dogon hutun makaranta. Gaggawa tana shigowa ne kawai in gwiwar ta kulle ta ƙi miƙewa.

Jakar fa, ta ciki ko ta waje?

Wannan tambaya ce ta biyu da ke tafiya tare da ta farko. Ana iya zubar da jakar ta cikin gaɓa da kyamara, ana kuma iya yin ɗan yanka a fata daidai kanta a ciro ta ɗungurungum. Reagan da abokansa a Kanada sun kwatanta a 1989, suka ga sakamako mai kyau a kashi 80 cikin 100 na waɗanda aka haɗa wa kyamara da yankan waje, da kashi 50 a waɗanda aka yi wa datsewa kaɗai. Mutanen da suka duba ba su da yawa, kayan aiki kuma sun ci gaba tun lokacin, rahotannin baya sun nuna zubarwa ta ciki ma tana aiki sosai in an yi ta da kyau.

Inda yankan waje ya fi dacewa sananne ne. Jaka babba mai ɗakuna da yawa, wadda zubar da ɗaki ɗaya ba zai taɓa sauran ba. Jakar gammon ciki, wadda takan yi tafiya nesa da tsagar ta ɓullo wani wuri. Sai kuma wanda ya fi muhimmanci ga matashi: idan likita ya shiga da kyamara ya tarar fuskar gammon lafiya lau, tsagar a ɓoye take a cikin naman. A nan, yanke lafiyayyen gammo don a buɗe hanya zuwa jaka kamar rushe zaure ne don a fitar da akuya. Gara tabon inci ɗaya ko biyu a fata, a ciro jakar ta waje, a ɗinke bakin gammon daga nan. Abin da ba a so shi ne a ciro jakar ta waje a rufe ba tare da an leƙa cikin gaɓar ba, domin in tsaga na nan, ƙullutun zai dawo.

Yara ƙanana da wasu keɓantattun hali

In mai ƙullutun yaro ne ɗan shekara takwas ko goma da bai taɓa jin wani ciwo ba, a yi zargin gammo mai siffar faifai. Wasu ana haihuwarsu da gammon waje a cike kamar faifai maimakon jinjirin wata, an fi samun haka a Japan da Koriya amma yana ko'ina. Yana da kauri amma saƙarsa ba ta da ƙwari, yana saurin tsagewa, gwiwar kan yi ƙara ƙwas in yaro na tafiya. A nan ana haɗa hanyoyin biyu ne: a sassaƙe tsakiyar har ya koma siffar da aka sani, a ɗinke abin da ya rage.

In igiyar tsakiyar gwiwa da ake kira ACL ta tsinke, ɗinkin gammo ba ya daɗewa a gwiwar da ke zamewa, sai an gyara su tare. Mai sikila kuma lallai a gaya wa likitan tiyata da mai ba da maganin barci tun ranar farko, domin a wannan aiki akan ɗaure cinya da wani maɗauri mai tsayar da jini, kuma wannan abu ne da ake sake shawara a kansa ga mai sikila.

Wajen neman inda za a yi, tsofaffin asibitocin ƙashi na ƙasa a Najeriya uku ne, Dala a Kano, Igbobi a Legas, da na Inugu, ga kuma asibitocin koyarwa da masu zaman kansu. Sunan asibiti bai wadatar ba, mutumin da zai riƙe kyamarar ake tambaya. Ka ce masa: Likita, in ka shiga ka ga yana ɗinkuwa, kana da kayan ɗinki a ɗakin ranar? Nawa za ka yanke in ba ya ɗinkuwa, kuma za ka bar bakin zoben? Wa zai kula da gashin ƙashi bayan aiki? Tambayar farko ta fi sauran nauyi, domin hukuncin ƙarshe a cikin gwiwa ake yanke shi, lokacin da likita ya taɓa naman da ƙugiya ya ji ko yana riƙe zare ko ya ruɓe kamar tsohuwar atamfa. In ya ruɓe, datsewa kaɗan ita ce gaskiya, babu laifi a kanta. Abin takaici shi ne a datse gammon da zai ɗinku don kawai ba a tanadi zare ba.

Mu da muka je asibiti, likitan ya juyo da allon kwamfuta ya nuna mana farin layin da ya ratsa gammon waje har zuwa jakar. Ya dubi yaron ya ce, "Samari, in na datse, bayan wata biyu kana fili. In na ɗinka, sai bayan Babbar Salla. Wanne kake so?" Yaron ya ce datsewa, tun kafin a rufe baki. Uwarsa ta kalle ni. Na ce, "Likita, in ɗanka ne fa?" Ya yi murmushi ya ce shi zai shiga da shirin ɗinki, in naman ya ƙi sai ya rage kaɗan. Muka sa hannu a kan duka biyun.

Ɗinki huɗu aka yi masa, aka datse ɗan bakin ciki da ya zama zare-zare, jakar kuma aka ciro ta ta wani ɗan yanka a gefe. A mako na biyar na kama shi a bayan gida yana gwada tsuguno don ya ga ko ya warke, na yi masa faɗan da har yau yake tuna mini. Ya koma gudu a wata na biyar, ƙwallo a na bakwai. Har yanzu in ya zauna tahiya yakan ɗan zame ƙafar dama gefe. Kujerar robar da muka huda kuwa tana nan a ban ɗakin, kakarsa ta gaje ta, ta ce ba mai fitar da ita.